Allunan da Muka Goge

Shekarun baya, shekarar da ruwa ya yanke hanyar Tamaske har motocin albasa suka jeru a bakin ƙorama, ina aikin pilanto, wato masinja, a biro, ofishin wani porje, shirin dashen itace a Keita. Shara, kai takardu, dafa shayi. Da la'asar kuma in tafi karatun manya, wanda muke ce wa kurdadi, in zauna da furfurata ina kokawa da baƙaƙe.

A biron akwai ordinatar, wato kwamfuta, huɗu da aka haɗa da waya, sai wata babba a ɗakin baya wadda kowa ke ajiye aikinsa a cikinta. Rumbu muke ce mata. Ita ke barin mutum ya shiga ko ta hana shi.

Malaminmu ya ce kowa ya rubuta labari da hannunsa, a haɗa a buga ɗan littafi. Takarda ba ta wadata ba, a allo muke rubutu da alli. In allo ya cika sai in kai wa Madam, sakataren biro, ta buga, ta ce ya shiga rumbu, in mayar a goge a ci gaba. Duk labaran wuri ɗaya take tara su.

Abokina, wani Bafillace da ke zama kusa da ni a aji, sunayen shanun mahaifinsa da fari ya kashe ya zaɓa, kowace da launinta da halinta. Yana ƙarami aka yi farin. Goggonsa ce, tsohuwa tukuf da ta zo damina wurinsa, take faɗa masa yana rubutawa.

Ana cikin haka wani mai gyara ya zo daga Yamai da babban inji na biyu, wai ya taimaki rumbu. Ya haɗa, ya sha shayina, ya koma.

Daga nan rumbu ya fara rufe ƙofa. Madam na tsakiyar aiki sai hanyar shiga rumbun ta yanke, can kuma ta dawo don kanta.

Diraktan ya kira ni. "Baba, kai ka share ɗakin baya?"

"Ni ne, Mushe."

"To, daga yau kada tsintsiya ta shiga."

Tsintsiya ta daina shiga, ba abin da ya sake. Aka ce zafi ne, aka sa fanka. Aka ce ɓera ne, na bi wayar nan da rarrafe tun daga ƙofa har bayan almuwar, kabad ɗin takardu, ban ga ko cizo ba. Aka zargi injin wuta. Har butar shayina sai da aka fitar waje. Da yake hanyar kan dawo, sai muka saba.

Kullum in na mayar wa abokina allo sai ya ce, "Shanuna na nan?"

"Suna rumbu."

"An ɗaure su dai?"

"Da igiyar Nasara ma."

Sai ya yi dariya, ya goge allon da gefen rawaninsa.

Wata safiya hanyar ta yanke daidai lokacin da Madam ke ajiye labaranmu. Da ta dawo, Madam ta buɗe, babu komai sai wasu ƙananan akwatuna a jere a gurbin baƙaƙe. Ta juya mini gilashin.

"Baba, kai da ke kurdadi, karanta mini wanga."

"Madam, ba mu kawo nan ba tukuna."

Ba ta yi dariya ba, a nan na gane.

Da hanyar Tamaske ta gyaru mai gyaran ya dawo. Ya duba, ya ce kuskurensa ne: ya bar sabon injin a matsayin shugaba, tsohon ma shugaba, suna ɗaya. Ƙananan injinan in sun tambayi wannan ya buɗe, wancan ya ce bai san su ba. Ya sake shirya sabon ya zama wakili, rumbu bai ƙara rufewa ba. Labaran kam ya gwada, ya ce ba su dawowa.

Kafin nan goggon abokina ta rasu. Da na faɗa masa labaran sun ɓace, ya ɗauko allonsa ya ce, "Fari ya ci su sau ɗaya, inji ya maimaita." Ya nemi alli.

Ban riƙe kowa a zuciya ba. Mu muka goge da hannunmu, don an ce ya shiga, ba mu kuwa taɓa ganin cikin rumbun ba. Har yau in aka ce mini an ajiye abu, nakan tambaya wuri nawa.

Labari goma sha huɗu ne. Goma sha ɗaya an sake rubuta su, har da nawa, ya fito gajere. Masu labari biyu sun tafi cin rani ba su dawo aji ba. Na abokina shanu talatin da ɗaya ne. Ya tuno sha biyu.