Shekara Bakwai Jikina Bai Manta Ƙaiƙayin Gero Ba

A lokacin ni bazawara ce a Toranke, da 'ya'ya uku, sana'ata sussuka. Idan kaka ta yi gida-gida ake kirana, don taɓaryata ba ta hutawa. Ban yi boko ba, ban kuma saba raki ba. Abu ɗaya ne yake kayar da ni, ƙaiƙayin gero. Da an fara shiƙa sai idona ya yi ja, hanci ya toshe, ƙirjina ya riƙa kuka kamar 'yar kyanwa. Matan masussuka suka ce ragwanci ne, in daure jiki zai saba. Na daure kaka huɗu, abin sai gaba yake yi. A asibiti aka ce asma ce, aka ba ni abin shaƙa. Na ajiye taɓarya, na koma Gaya ina kitso.

Shekara bakwai ko tari ban yi ba. Na ce na warke, na jefa abin shaƙar a shara. Sai yayana ya aiko cewa geronsa ya yi albarka, matarsa kuma tana da tsohon ciki. Na ɗaura ɗamara na tafi. Ya roƙe ni in tsaya wajen girki, na ce masa ciwon da ya shekara bakwai bai gan ni ba ai ya manta ƙofar gidana. Ƙwarya uku na shiƙa. A ta huɗu iska ta ƙi shiga ƙirjina. Ina jin mata suna salati, na kasa amsawa. A adaidaita sahu aka kai ni asibiti, ban san hanyar da aka bi ba.

Da na dawo hayyacina ba tsoro ne ya dame ni ba, mamaki ne. Na tambayi likitar, wata mace mai haƙuri, yadda aka yi ciwo ya gane ni. Ta ce ba shi ya gane ni ba, jikina ne ya gane ƙaiƙayin. Wai a jini akwai wasu ƙwayoyi masu gadi, idan suka taɓa faɗa da abu sai su riƙe kamanninsa shekara da shekaru. A cikin kowace ƙwaya akwai umarnin da muka gada daga iyaye, kamar ɗakuna, wasu a rufe, wasu a buɗe. Nawa masu gadin sun ɗauki ƙaiƙayi a matsayin maƙiyi, suka bar ɗakin makamai a buɗe. Duk kakar da na daure, ƙara karantar da su na yi. Na ce to a rufe mana. Ta yi dariya, ta ce masana suna ta neman makullin, ba su gama ba.

Har yau ina juya maganar. Ni da nake manta inda na ajiye mataji, ashe a jinina akwai abin da ba ya mantuwa, kuma bai nemi shawarata ba.

Na kusa barin marayu saboda taurin kai. Wanda duk aka ba shi abin shaƙa ya riƙe shi, ko ya daɗe bai yi tari ba. Ku kuma mata, idan kun ji ƙirjin wata yana kuka a masussuka, ku karɓe ƙwaryar daga hannunta. Kada ku ce ta daure.