Yadda Muka Hana Akawal Hawa Motar Mahauta

Ana sallame sallar asuba muka bar Lafia, ni da maƙwabciyata likitar dabbobi, a tsohuwar motata da sai an lallashe ta take tashi. Kawuna ne ya bugo waya daga ƙauyensu a bayan Obi. Dokinsa Akawal ya daina cin abinci, majina mai kauri na zuba ta hancinsa, numfashinsa ya koma minshari. Abin da ya fi tayar mini da hankali, dillalan da ke kwasar dawakai zuwa kudu don yanka sun riga sun taya, washegari za su zo da mota. Dokin nan shi angwayen yankin suke hawa ranar biki, da shi Kawu yake ciyar da gidansa.

Damina ta cinye gefen titi, muka yi ta kauce wa ramuka. Ko'ina tulin sabuwar doya, matan ƙabilar Tibi na ɗaga mana hannu. A Obi muka karya da soyayyar doya da yaji, arahar da na gani ta sa na ji haushin masu sayar mana a Lafia. Likita ta sayi ƙullin gishirin Awe a wajen wata tsohuwa, ni na ɗauka na miya ne.

Tun daga ƙofar gida hayaƙi ya tare mu. An kulle Akawal a ɗaki, an toshe taga, ana turara masa tsumma da barkono a kasko don majinar ta zubo, kamar yadda ake yi wa doki mai mura tun kakanni. Ni da na leƙa kawai sai da na yi atishawa har da hawaye. Likita ta roƙa a fito da shi inuwa. Ta shafa ƙasan muƙamuƙinsa, ta kamo hannun Kawu ta ɗora a kan wani kumburi mai zafi, ya kai girman lemo. Ta ce ƙurji ne ya danne masa maƙogwaro, hayaƙin ƙara shaƙe shi yake yi, kuma kada wata dabba ta sha a bokitinsa.

Kawu ya juyo ya dube ta.

"Likita, in mutuwa zai yi ki faɗa mini gaskiya. Ba na son ya ƙare a motar mutanen nan."

"Baba, ka ba ni zuwa safiya."

Aka dafa ruwa aka zuba gishirin nan, muka wuni muna gasa kumburin da tsumma. Da la'asar ya nuna, likita ta tsaga shi, mugunya ta ɓalle. Ni da na zo da cika baki sai ga ni na gudu bayan rumbu. Kafin magariba minsharin ya yi sauƙi.

Da safe dillali ya iso da igiyarsa, ya tarar da Akawal ya tsoma baki a bokiti yana zuƙar ruwa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Baba, doki naka ta tashi o." Kawu ya sa aka kawo wa dillali kunu, ya raka shi har bakin mota da fara'a. Wallahi na daɗe ban ji daɗi irin na safiyar nan ba.

Muka juyo da doya cike da bayan mota da zakaran da Kawu ya ba mu yana ta ƙorafi. Na koyi cewa ba kowace majina ce mura ba, kuma dabbar da ke neman iska, iskar ake ba ta, a nemo likita tun kafin a nemo dillali.

Muna shiga Lafia Kawu ya kira. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Ɗan nan, saurara." Na kasa kunne. Ba abin da nake ji sai haƙoran Akawal suna tauna ciyawa.