Daddawar Inna a Duwatsun Sina

Daga Giza

Ana kiran assalatu muka kulle ƙofar gidanmu da ke Giza, ni da maigidana Malam Hamisu. Kakar shekarar 2014 ce, bayan Babbar Sallah, zafin Alƙahira ya fara sassautawa. Tasi ta kai mu Wustul Balad, wato tsakiyar birnin, inda wata ƙaramar bas ke jiran mu da wasu Misirawa masu sha'awar hawan dutse. Titunan da kullum ba a jin maganar juna sun yi tsit, sai masu tura kurar wake suna hura wuta.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu, kada ku zaci daɗi ne ya yi mana yawa. Malam yana digiri na biyu a fannin fiƙihu. Tun kafin azumi likita ya ce jininsa ya hau, ya hana shi nama da dunƙulen miya na kanti, gishiri ma sai kaɗan. Da Inna, mahaifiyarsa, ta ji labari ta waya daga Malumfashi, ta ce wannan ba ciwo ba ne, cimar birni ce. Ta nemo kalwa, ta yi daddawa da hannunta, ta ba wani ɗalibi mai dawowa Masar, da saƙon a ce wa Rabi, wato ni, in riƙa sa masa a miya. Saƙon yana hanya Allah ya karɓi abarsa. Daddawar ta iso mana bayan an yi sadakar bakwai.

Guda biyar ce a ƙulle cikin tsohon ƙyallen atamfa, kowace da shatin babban yatsan Inna a tsakiya, inda ta danna kafin ta shanya. Malam ya duba shatin nan, ya mayar ya ƙulle, ya sa a jakar littattafansa, ya ce kada in kuskura in taɓa. Daga ranar kuma abinci ya fita ransa. Na yi faten wake, na yi miyar lalo da Misirawa ke kira mulukiyya, na koyi miyar adas, wani ƙanƙanin wake nasu, a wurin maƙwabciya, duk loma biyu yake yi ya ture kwano. Wando ya fara zame masa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, gara ya ajiye karatu ya koma gida. Ni kuwa tsorona ya wuce na karatu.

Jakar nan da ita yake shiga metiro, jirgin ƙasan cikin birni, kullum. Na sha tsokanarsa cewa shi kaɗai ne a Alƙahira ke samun wurin zama har da na miƙe ƙafa, don ba mai iya zama kusa da warin. Ko murmushi ba ya yi.

Hajja Zainabu, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da nake kai wa ziyara a Ard al-Liwa, ita ta ba ni shawara. Ta ce, "Ya bitti, 'yata, bangon ɗaki ke cin mijin nan naki. Khalas, ki fitar da shi ya hau dutse, ya gaji, yunwa za ta nemo shi da kanta." Surukinta ne ya haɗa mu da direban bas ɗin.

Hanyar Suwes

Direban, Am Sayyid, tsoho ne mai farin gashin baki da yawan raha. Ya ce, "Yalla ya jama'a," muka ɗauki hanyar Suwes. Rana ta fito mana a cikin sahara, ja wur, ba gida ba itace. Muka shige ramin da aka haƙa a ƙarƙashin mashigin ruwan Suwes, jiragen ruwa suna wucewa ta samanmu ba mu gani, muka ɓullo a yankin Sina. Daga nan teku ya koma hannun damanmu, shuɗi har ƙarshen gani. Na jingina kai da gilashi, ban san ko barci nake ko ido biyu ba.

A Ras Sidir aka tsaya karin kumallo. Na sayo gurasa mai zafi da wake da ta'amiya, wato ƙosansu na wake da ganye. Malam ya gutsuri gefen gurasa, ya riƙe a hannu har ta huce.

Am Sayyid ya ce masa, "Ya shaikh, azumi kake?"

Malam ya ce, "A'a, na ƙoshi ne."

Tsohon ya dube ni, na kawar da kai.

Shingen Abu Rudais

A wancan lokacin hanyar Sina cike take da shingayen tsaro. Mun wuce da dama, ana duba fasfo ana mayar mana. Amma a na bayan Abu Rudais, inda hanya ke rabuwa da teku ta nufi duwatsu, aka ce kowa ya sauko da kayansa.

Abin da bai taɓa zuwa mana a rai ba shi ne yadda kayan miyarmu ke kama a idon wanda bai san su ba. Daga jakata aka zaro ledar garin kuka, kore shar. Daga ta Malam aka zaro ƙyallen Inna, aka kwance, ga baƙaƙen faifai biyar masu wari. Jami'in, wani matashi mai tabarau, ya dube su ya dube mu. Sauran fasinjoji suka ɗan ja baya. Am Sayyid ya dafe kai, ya raɗa mini cewa sak haka ake dunƙula hashish, abin mayen da ake fasa-ƙwaurinsa ta nan.

Tawa ta zo da sauƙi. Na zuba garin a tafin hannu, na ɗiga ruwa, na cuɗa, na ɗaga yatsa yauƙi ya biyo. Jami'in ya ce, "Ah, mulukiyya!" Na ce 'yar uwarta ce.

Ya juya ga kayan Malam, ya zaro wuƙa zai yanka faifai ɗaya. Malam, wanda ya yi makonni muryarsa ba ta wuce raɗa ba, ya ce da ƙarfi, "Ya basha, abinci ne, wallahi abinci ne. In dole sai ka yanka, yanki gefe. Tsakiyar nan yatsan mahaifiyata ne, kuma ta rasu."

Jami'in ya tsaya. Ya kai faifan kusa da ido, ya ga shatin. Ya ce, "Allah yirhamha, Allah ya jiƙanta. Ma'alish, aiki ne." Ya ɓalli ɗan gefe a hankali, ya kara masa wutar ashana, ya shinshina. Nan take ya yamutsa fuska, ya yi tari.

Ya ce, "Wannan kuke ci?"

Na ce, "Har mu side hannu."

Ya yi dariya, ya mayar wa Malam kayansa da hannu biyu. Ɗan ɓallin kuwa a tafina ya saka. Malam yana can yana ƙulle ƙyalle, bai gani ba. Na ƙulle shi a bakin mayafina.

Wadi Firan zuwa lambun Am Awwad

Daga nan hanya ta shiga Wadi Firan, kwari mai dabino tsakanin duwatsu. Duwatsun nan ba su da launi guda. Kana kallon ɗaya ja ne, ka kifta ido ya koma ruwan ƙasa, can baya kuma wasu sun yi shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi. Muka isa garin Sant Katrin bayan azahar, iska mai sanyi tana shiga hannun riga.

A can mai masaukinmu, Am Awwad, Balaraben dutse, ya tarye mu da raƙumi. Aka ɗora kaya, mu kuma muka bi a ƙafa ta wata hanya mai lanƙwasa da ke hawa gefen dutse. Ni da ko benen gidanmu sai na huta a tsakiya, na ga ta kaina. Malam yana tafe a hankali yadda likita ya ce, rungume da jakarsa, don ya ƙi a ɗora ta a raƙumi.

Da muka gangara ɗaya ɓangaren, na tsaya cak. A tsakiyar wannan ƙeƙasasshen dutse ga lambu an kewaye da katangar duwatsu, ga rijiya, ga rumman ya nuna har ya tsage a kan reshe, ga zaitun, ga itatuwan lauz, masu 'ya'ya kamar gyaɗa, ganyensu ya yi rawaya yana zuba ɗaya-ɗaya. Shirun wurin ya kai ka ji faɗuwar ganye. Na ji kamar na taɓa zuwa nan a mafarki, na manta, yau aka tuna mini.

Matar gidan, Umm Farhan, ta dafa mana shayi da wani ganyen dutse mai ƙamshin na'a-na'a da suke kira habak. Kafin magariba ta kwaɓa fulawa da ruwa da gishiri, ta binne a cikin garwashi, ta tono gurasa tana kaɗe toka. Ta haɗa da miyar adas mai tumatir da albasa da man zaitun. Ba nama, ba wanda ya nemi nama. Na ci har na ji kunya. Malam ya yi lomarsa biyu.

Kan dutse

Washegari da hantsi Am Awwad ya ja mu zuwa wata ƙololuwa da ke saman lambun. Muka bi ta cikin kwazazzabai, muna tarar da ruwa kwance a kwarmin dutse, garai-garai, sama tana ciki. Inda hawa ya yi tsanani Malam ya miƙo mini hannu, rabon da ya yi haka har na manta.

A sama, duwatsu ne bayan duwatsu har inda ido ya gaza. Am Awwad ya nuna mana Jabal Musa daga nesa, wanda mutanen nan suka gada cewa a kansa Annabi Musa ya yi munajati. Malam ya zauna ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Inna ba ta taɓa wuce Kano ba."

Na ce, "Ga shi yatsanta ya zo har nan."

Ya miƙe, ya rataya jakarsa. A hanyar saukowa na ji cikinsa ya yi ƙugi, shi ma ya san na ji.

Tukunya

Da la'asar na roƙi Umm Farhan aron murhu. Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, ba ta da na biyu wurin tuwo. Na tuƙa, na kwashe. Na jajjaga albasa da barkono a turmin dutse, na zuba a ruwa da ɗan man zaitun. Daga nan na kwance bakin mayafina. Na daɗe riƙe da ɓallin nan, don na san ko dai ya ci, ko kuma ya daɗe bai yafe mini ba. Na tuna saƙon Inna ni aka aiko wa. Na yi bisimilla, na daka, na zuba.

Ƙamshi ya tashi ya cika lambun. Umm Farhan ta toshe hanci da gefen mayafi, tana dariya tana cewa, "Ya sitt Rabi, me ya mutu a tukunyar?" Sai ga inuwar Malam ta rufe ƙofar ɗakin girkin.

Na ce, "Malam, ɓallin da jami'in nan ya ɓalla ne. Ban taɓa sauran ba."

Ya tsaya yana shaƙar tururin, idonsa a rufe. Ya juya ya fita. Na ce shi ke nan, na ɓata tafiya. Ina tsugune ina share hawaye da hayaƙi sai ga shi ya dawo da ƙyallen. Ya durƙusa kusa da murhu, ya ɗauko faifan da aka ɓalla, ya ɗora babban yatsansa a cikin shatin Inna. Nasa ya fi girma, ya rufe shi ruf.

Ya ce, "Rabi, wannan 'yar mitsilar da kika sa ba za ta ji ba. Inna ba ta ƙwauron daddawa a miya."

Ya danna, ta rabe biyu, ya miƙo mini.

Na daka, na zuba, na kaɗa kuka. Muka zauna a ƙarƙashin itacen lauz, rana tana jan duwatsu zuwa ja. Am Awwad ya ɗanɗana don kara, ya ce "tamam", wato ya yi daidai, da fuskar da ba ta ce tamam ba. Umm Farhan mai toshe hanci ita ta fara neman ƙari. Malam kuwa yana ci hawaye na bin gemunsa, bai tsaya ba. Ya cinye malmala guda, ya turo mini kwano. Na miƙa hannu zan ɗauke yadda na saba, ya riƙe gefen.

Ya ce, "Ƙari nake so."

Komawa gida

Washegari muka sauko, Umm Farhan ta cika mini mayafi da rumman da ganyen habak, ni kuma na bar mata sauran kuka. A shingen Abu Rudais ba mu tarar da jami'in nan ba, na so in yi masa godiya. A Ras Sidir Malam ya ci wake da gurasa biyu, Am Sayyid yana leƙensa ta madubi yana cewa a buɗe wa shaikh hanya, yau ya sha ruwa, azumi ya ƙare.

Mun iso Giza da magariba, ƙarar motoci ta tarye mu kamar ba mu taɓa barinta ba. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, mun gode wa Hajja Zainabu, da Am Sayyid, da mutanen lambu da suka karɓi baƙi da warin tukunyarsu. Allah ya jiƙan Inna, ya sa aljanna ce makomarta.

Ina kwance kaya na ji motsi a kicin. Na leƙa, na ga Malam ya fito da ƙyallen daga jakar littattafai, ya ajiye sauran huɗun a kan kanta, kusa da gishiri. Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu. Ya juyo ya ce, "Gobe me za a dafa?"