Soson da Na Yanka a Babur ɗin Baba

Ranar wata Litinin ce a tsakiyar bazara, shekarar da nake aji huɗu na firamare a Roni. Na dawo daga rijiya da garwa a ka, na tarar da Baba a ƙofar zaure yana faman buga wa babur ɗinsa kik. Babur ɗin ya tashi, amma maimakon ya kwantar da murya ya riƙa kaɗawa a hankali yadda ya saba, abin da makanikai ke kira silo, sai ya ɗauki kuka sama kamar an murɗe masa totur, alhali hannun Baba ba ya kai. Akuyoyin Inna suka riƙa fizgar turke. Can ya sauko, ya yi tari biyu, ya mutu. Sau huɗu Baba yana tayar da shi yana yin haka. Na tsaya ruwa yana zuba mini a wuya, domin duk garin nan ni kaɗai na san abin da aka taɓa a jikin babur ɗin.

Baba malamin dabbobi ne, kuma a wurin aiki aka ba shi babur ɗin don shiga rugage. Dogo ne, mai tayoyi masu haƙora, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, yana tafe yana barin shuɗin hayaƙi a baya. Da shi yake ratsa duwatsu da burtali har ƙasar Gwiwa. A zaure babur ɗin yake kwana, jikin ɗakin Baffa Iliya, ƙanen Baba, saurayi mai yawan raha wanda ya taso a hannunsa tun rasuwar kakanmu. Baffa ne ke wanke babur ɗin, shi ke sayo mai, amma an hana shi hawa. Shi ne kuma ya koya mini langa, ya lanƙwasa mini wayar gare-gare, kuma idan muka kai taki gona a kan jaki, shi ke ɗora ni bisa mangalar da babu kaya mu dawo.

A makarantarmu kowace Juma'a akwai wanda zai baƙanta allo. Mukan fasa tsohon batirin rediyo, mu kwaɓa baƙin cikinsa da ruwa, mu shafe allon har ya yi sheƙi. Malaminmu ya ce ya gaji da tsumma mai barin zane, duk wanda layi ya zo kansa ya zo da soson katifa. Gidanmu kuwa tabarma ce da katifar rimi. Amma na taɓa ganin Baba ya buɗe wani akwati a gefen babur, ƙarƙashin sirdi, ya zaro soso mai laushi, ya wanke, ya shafa masa mai, ya mayar. Ranar Alhamis da azahar, kowa yana masallaci, na kwance kusoshin murfin da bakin wuƙar Inna, na sa reza na yanke rabin soson daga ciki, na mayar da sauran yadda wanda ya leƙa zai ga kamar lafiyarsa lau. Tun ina yaro ina da irin wannan dabarar, kuma ba na faɗa don yabon kai. Ko amfanin soson ban ci ba. Duk wankin da na yi masa da sabulu maiƙon bai fita ba, allo ya yi santsi, alli ya ƙi kamawa, aka yi mini bulala shida, na jefa shi bayan katangar makaranta.

Ban san aikin soson tace iska ba ne. Ban san ta ramin da na bari iska za ta yi wa mai yawa, yashin burtali kuma ya riƙa wucewa kai tsaye cikin inji ba. Baba ya fara da fulogi: ya cire, ya ga bakinsa ya yi fari fat, ya sa sabo. Ya ɗauki sukudireba ya yi ta juya kusar silo, in ya sassauta babur ya mutu, in ya ɗaure ya yi ta ihu. Ya zubar da man tanki, ya ce 'yan bumburutu sun gauraya shi da kananzir. Wani makanike a tasha ya ciro kafireto, inda mai da iska ke haɗuwa, ta gefe, ya wanke, ya busa ƙananan ramukansa da baki, ya mayar. Kwana ɗaya aka samu sauƙi. Har akwatin iskar Baba ya buɗe a gabana, ya ga fuskar soso, ya rufe. A nan ne ya lura kawunan kusoshin sun ci, da sawun wuƙa a jikinsu, ya riƙa shafa su da yatsa. Oga Bulus na Kazaure, wanda shi kaɗai ya san irin wannan inji ciki da bai, ya tafi garinsu wajen Jos jana'iza, ba a san ranar dawowarsa ba.

Haka Baba ya ci gaba da fita aiki, yana riƙe da totur ko a tsaye yake don kada ya mutu. A mako na biyu wani Ardo ya aiko cewa saniyarsa ta kasa haihuwa. Babur ya mutu a gangaren wani dutse, ya ƙi tashi, Baba ya tura shi cikin rana har rugar, ya tarar an riga an yanka saniyar. Da la'asar ya shigo gida leɓensa a bushe, bai ko sha ruwan da Inna ta miƙa masa ba, ya kira Baffa ƙofar zaure, gaban maƙwabta da ke zaune a dakali. Ya ce shi ne ke satar hawa idan ba ya nan, shi ya kwance abin da bai sani ba. Baffa ya durƙusa ya rantse da Allah bai taɓa ko tayar da shi ba. Abin da Baba ya ce har yau yana kunnena: "Riƙe rantsuwarka, Iliya. Na san abin da na gani."

Ina bayan ƙyaure da ƙunshin ciyawar akuya a hannu. Maganar ta zo mini har baki, na tuna bulalar makaranta, na auna fushin Baba, na haɗiye. Bayan kwana biyu Baffa ya naɗe tabarmarsa, ya yi wa Inna sallama, ya ce zai je Kanya Babba taya dangin kakarmu sharar gona. Ya bar mini ƙwallon tsummarsa. Gidan ya yi tsit. Ni kaɗai nake kora jaki gona, tuwo ya daina wuce mini, Inna ta yi ta jiƙa mini sabara tana cewa shawara ce ta kama ni.

Da Oga Bulus ya dawo, aka ɗora babur a akori-kura ranar Asabar, aka ce in hau baya in riƙe shi. A rumfarsa bai taɓa kafireto ba. Ya danna kik da hannu, ya ce injin ba shi da sauran ƙarfi. Ya buɗe kan injin, ya nuna wa Baba fistin duk ya karce kamar an goge shi da dutse, ya ce ƙasa ce ta ci shi, sai a nemo ta inda ta shiga. Ya zaro soson gaba ɗaya, ya ɗaga shi a rana. "Malam, wannan ba ɓera ba ne, ɓera ba ya yanka a miƙe. Kuma wanda ya san babur ba zai yi haka ba. Wanda ya yanka wannan, soson yake so." Baba ya juyo ya dube ni. Kafin ya tambaya na fashe da kuka, na faɗi komai, har da allon.

Bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Washegari ya sa ni a mota muka tafi Kanya Babba, ya ce da bakina zan faɗa. Muka sami Baffa a gona yana tara kara yana ƙonawa. Na durƙusa na faɗa. Ya ɗago ni, ya kakkaɓe mini gwiwa, ya ce yaro ai sai da yarinta. Baba ya yi gyaran murya, ya ce to tunda gaskiya ta fito, sai ya haɗa kayansa a koma gida, damina ta kusa. Baffa ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali: "Yaya, ni ba soso ne ya fitar da ni ba. Na rantse maka a gaban mutane, ka ce in riƙe abata." A zamaninsu wa ba ya ba ƙane haƙuri da baki. Muka tsaya har hayaƙin karan ya lafa, muka juyo mu biyu.

An sa wa babur sabon fistin da sabon soso, ya koma silonsa kamar ba a yi komai ba, ya ƙara shekaru yana aiki. Baffa kuwa a can ya yi aure, a can ya kafa gida. Yakan zo da Salla ya gaida Baba a durƙushe, ya ci abinci a zaure kamar baƙo, ya koma kafin magariba. Ɗakinsa ya zama wurin ajiye harawa.

Yau sayar da babura ce sana'ata a Kazaure. Da tsoho ɗaya na fara, na gyara na sayar, har Allah ya buɗa. Na yanzu ba a haɗa musu mai, ba su da hayaƙi, kuma idan silo ya rikice yarana kan gano matsalar kafin mai shi ya gama shan ruwa. Baba ya rasu. Baffa ya tsufa, ina zuwa gaishe shi duk wata, mu yi hirar gero da farashin taki, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa ba. Wani lokaci a hanyar dawowa nakan ƙirga 'ya'yansa bakwai da aka haifa a Kanya Babba, waɗanda da a tsakar gidanmu za su yi rarrafe. Ranar nan a bayan ƙyaure, magana ɗaya ta isa, kuma ina da ita.