Akwatin Takardar Da Na Yi Wa Dije

Ranar Talata ce, saura kwana huɗu Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Wagini. Ina tsugune a gindin rumbu bayan la'asar ina ɓarar wake, sai na ji kakana daga zaure yana kiran Baffa Lawal, ƙanen mahaifina. Kakan nawa alaramma ne, Malam kowa ke ce masa, kuma duk gidan mun san halinsa: ba ya ɗaga murya, in ya sassauta ta ne ake shiga taitayi. Na leƙa ta hujin zana na hango shi zaune kan buzu, gafakarsa a buɗe, fararen takardu a cinyarsa, yana lasar yatsa yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya daf da fuskarsa saboda idon ya fara rauni. Ya kai ƙarshe ya sake komawa farko. Da Baffa ya shigo ya durƙusa, Malam bai ɗago kai ba ya ce, "Lawal, ukku babu." Waken da ke hannuna ya zube a ƙasa, kaji suka yi kansa. Na san inda takardun nan uku suke, domin ni na yanka su da reza ranar Asabar.

Abin ya samo asali ne daga Malama Binta, wata doguwar mata da aka turo mana daga Dutsin-ma. Ita ta koya mana yin katin barka da Sallah da ɗan akwatin kyauta na takarda, abin da ba mu taɓa gani ba. Ajin nan gaba ɗaya ya haukace. Muka bi shaguna muna roƙon kwalin sukari da na sabulu, muka bi bola muna tsintar takardar alawa mai ƙyalli muna goge ta da bayan cokali. Almakashi ɗaya ne a makarantar, yana jakar Malama, saboda haka kowa ya nemi tsohuwar reza. Ƙaro muke ɓamɓarowa a jikin itace mu jiƙa a gwangwanin madara, shi ne gam ɗinmu. Ruwan zoɓo shi ne ja, bular wanki ita ce shuɗi, tsinken kara shi ne ma'aunin layi. Malama takan zagaya tsakanin bencina tana cewa, "Ku danne ninkin da farce, akwatin da ba a danne ba sai ya buɗe baki." Ni kuwa ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa. Kusurwata tana fita tsaf, murfina yana hawa ba tare da an tura shi ba. Abu ɗaya ke ɓata mini rai: takardar littafinmu ba ta da jiki, da ta sha ruwan zoɓo sai ta yi laushi ta huje, kwalin sukari kuma ko ka juya shi rubutunsa yana leƙowa. Ni kuma tun ina ƙarama ina da wannan cutar ta son nawa ya fi na kowa.

Wadda nake son yi wa kyautar ita ce Dije, ɗiyar Malam Buba, Bafulatanin da rugarsu ke bayan rafi. Sa'ata ce. Kullum da safe ita ke kawo wa Malam nono, ta shiga har zaure ta juye masa a ƙwaryarsa, sannan ta zagayo cikin gida mu yi 'yar carafke kafin in tafi makaranta. Ita ta koya mini tatsa, ni na koya mata gaɗar da muke yi a dandali, tana yi tana karya waƙar muna dariya. Zumuncin gidajenmu ya girme mu, ya ma girmi iyayenmu. Duk shekara in an gama girbi, shanunsu ne ke sauka a gonarmu su ci kara da ragowar harawa, su bar mana taki, mu kuma a kai musu dammunan gero. Ba a taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, kowa dai ya taso ya tarar ana yi. Sai dai a shekarun nan an fara jin labarin satar shanu daga wajen daji, mutane sun fara rage murya in Bafulatani ya wuce, ko da wanda aka sani ne tun yana goye.

Malam a lokacin yana rubuta Alƙur'ani da ka, na ƙarshe da yake fatan kammalawa kafin idon ya tafi. Takardar da yake rubutun a kanta daga Kano ya sayo ta da daɗewa, mai kauri, launin madara, in ka ɗaga ta a rana sai ka ga wata alama a cikinta. Ya riga ya raba ta daidai da izifin da suka rage masa, ba ragi ba ƙari, amma ni ina na san wannan? Abin da na sani shi ne, takardar da aka yi wa rubutun Alƙur'ani ba a taɓa ta ba alwala, ba a bari ta taɓa ƙasa. Wadda ba a rubuta komai ba kuwa, a hankalina na yarinya, takarda ce kawai da ba a yi amfani da ita ba. Ranar Asabar da ya tafi jana'iza Darini na lallaɓa na zaro uku daga ƙasan tarin, har da yin alwala don in wanke kaina. Ɗaya ta zama akwati, ɗaya murfi, ɗaya kati. Ban rubuta suna ba tunda Dije ba ta karatun boko. Saniyarta na zana mata, fara mai karyayyen ƙaho, na zagaye ta da ja. Takardar ta sha launi ba ta ko motsa ba. Na sa alawa biyu a ciki, na ba ta ranar Litinin a bayan rumbu, na ce ta ɓoye sai ranar Sallah. Ta riƙe shi da hannu biyu kamar ƙwai.

Ranar Talatar nan aka zazzage gidan. Aka ɗaga tabarmi, aka tambayi yara maza, aka ce ko gara ce, ko ɓera. Ni ba wanda ya tambaye ni, ni ce 'yar lelen Malam, wadda yake tsokana da amaryarsa. Ranar Laraba da safe Baffa ya zo da tasa fassarar. Ya ce wane ɓarawo ne zai bar rediyo da tocila ya ɗauki farar takarda? Wanda ya ɗauka aiki zai yi da ita, kuma ga idon Malam yana ƙara lalacewa ba dalili. Sammu yake nufi. Sannan ya ce bare ɗaya ne ke shiga zauren nan kullum. Ina tsaye da tsintsiya a hannu na ji sunan Dije ya fito daga bakinsa. Malam ya ce masa ya bar zato, amma Baffa mutum ne mai zafin kai, kuma tunda mahaifina ya tafi ci-rani shi ke riƙe da gona da gidan. Ya rantse in ta tabbata, kofaton saniyar Buba ba zai sake taka gonarmu ba. Da Dije ta zo da nono aka tare ta a ƙofa, aka karɓa aka sallame ta. Ta tsaya jim tana leƙen cikin gida ko za ta gan ni, ni kuwa na maƙale a bayan turmi.

A nan ne ya kamata in yi magana, kuma na san haka tun a lokacin, ba sai da na girma ba. Tsoro ne ya hana ni. Ina tsoron dorinar Baffa, ina tsoron a ce Inna ba ta iya tarbiyya ba tunda mijinta ba ya nan, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda Malam zai dube ni. Sai na shiga lallashin kaina cewa maganar za ta mutu in hidimar Sallah ta taso. Na je ɗiban ruwa, na yi surfe, na kai wa ragon layya dusa. Na ture tuwo ban ci ba, Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, takardar da ake nema tana can a rugar da ake zargi, ni na kai ta da hannuna. Sau biyu na ɗauki hanyar rafi don in karɓo akwatin, sau biyu ina dawowa, saboda an hana yara mata yin nisa, dawa kuma ta yi tsawo ba ka ganin wanda ke gabanka.

Ranar Alhamis Baffa ya haɗu da Malam Buba a kasuwa, a wajen 'yan awaki inda jama'a suka fi yawa. Ban je ba, amma kafin magariba labarin ya riga Baffa isowa gida. An ce ko gaisuwa bai bari sun gama ba, ya ce masa ya binciki gidansa, an ɗauki kayan malami, kuma an san masu ɗauka. Aka ce Malam Buba ya kwance akuyar da ya kawo sayarwa ya ja ta ya tafi.

Jajibere da safe ina daka sai na ji sallama a ƙofar gida. Malam Buba ne, da sandarsa a kafaɗa, Dije a bayansa. Ya gaida Malam gaisuwa cikakkiya, gida da iyali da gona da jiki, kamar ba abin da ya faru. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da akwatina ya ajiye a kan buzu. Ya ce a cikin kayan ɗiyarsa ya same shi, ya ɗaga a rana ya ga alamar, ya gane takardar malamai ce. Ya ce, "Na buge ta jiya, na buge ta yau, ta ce ba sata ta yi ba, kuma ta ƙi faɗin wanda ya ba ta. Ga ta nan, Malam, ku yi hukuncinku." Maƙwabta sun fara taruwa. Baffa yana tsaye yana kaɗa kai irin na wanda maganarsa ta fito. Ta hujin zana na ga Dije, idanunta sun kumbura, ga shatar tsumagiya a damtsenta. Ta hango ni, na tabbata ta hango ni, sai ta kawar da kai ta dubi ƙasa.

Ban san lokacin da na saki taɓarya ba. Na fito ba ko mayafi, garin gero har gwiwar hannu, na durƙusa a gaban mazan nan na ce ni ce, ni na ɗauka, ni na yanka, ni na ba ta. Malam ya ɗauki akwatin yana shafa kusurwoyinsa da yatsa, ya buɗe murfin ya mayar. Baffa ya share zufa ya ce, "Malam Buba, a yi haƙuri, ashe aikin yara ne." Malam Buba ya dube shi ya ce, "Ba yara suka je kasuwa ba, Lawal." Ya yi wa Malam sallama, ya kama hannun ɗiyarsa suka juya.

Ba a doke ni ba, kuma da an doke ni da ya fi mini sauƙi. Da mutane suka watse Malam ya kira ni ya ce, "Rabi, tun yaushe kika ji ana ambaton yarinyar nan?" Na ce tun Laraba. Sai ya ce, "Takarda ana sayen wata. Larabar nan ce ban san yadda za mu yi da ita ba." Washegarin Sallah ya sa aka ɗora shi a jaki, ya kai cinyar ragonsa rugar da kansa. Aka karɓe shi da girma, aka shimfiɗa masa tabarma, aka dama masa fura. Amma nono bai sake zuwa zaurenmu ba, kuma da aka gama yankan dawa, shanun Malam Buba suka wuce ta gefen gonarmu suka nufi wajen Runka. Karan shekarar nan a tsaye ya bushe.

Yau muna zaune a cikin garin Batsari kamar yawancin mutanen ƙauyenmu, gonar ta koma daji, ba mai iya zuwa. Malam ya kammala Alƙur'aninsa kafin ya rasu, warƙoƙin ƙarshe da aka sayo daga baya sun fi sauran fari. Ni ma koyarwa nake yi, kuma in Sallah ta matso nakan koya wa 'yan ajina ninka akwati, da takardar kanti kala-kala da gam na kwalba, ko da yake rabinsu sun fi son su tura gaisuwa a wayar iyayensu. Ba na cewa takarduna uku ne suka jawo abin da ya sami ƙasarmu, wannan ya fi ƙarfin yarinya 'yar aji biyar. Amma na san gida biyu da suka rabu a hannuna, tun kafin bindiga ta iso. Duk mai tallar nono da na gani a bakin kasuwa sai na tambaye ta ko ta san Dije ta gidan Buba, wasu su ce sun yi Nijar, wasu su ce kudu, wasu su dube ni kawai su gyara ƙwarya. Ita ta sha duka kwana biyu ba ta faɗi sunana ba. Har yau ban samu na ce ta yafe mini ba.