Yatsun Kawu da Motar Lauya

Kawuna, yayan mahaifiyata, bai taɓa karanta abin da aka rubuta a jikin galan ɗin baƙin mai ba. Shekara talatin da ɗoriya yana kanikanci, awonsa ɗaya ne: ya tsoma ɗan ali a cikin mai, ya murza da babban yatsa, ya raba su a hankali. In man ya ja zare, mai ne. In ya tsinke, ruwa ne, a kai wa masu wanki. Shi ya sa duk layin gareji ake ce masa Mai Yatsa.

Garejin nasa rumfar kwano ce da rami ɗaya, sai benci mai ƙafa uku, bulo ya tsaya wa ta huɗun. A ƙarƙashin bencin yake ajiye abin da yake kira zuma, wani magani mai danƙo a ƙaramin gwangwani da ake ƙara wa mai don ya daɗa kauri. Tsohuwar mota ta zo tana tari tana hayaƙi, Kawu ya ɗura mata mai mai kauri da gwangwanin zuma, sai ta yi tsit kamar an ba ta haƙuri. Da haka ya yi suna, ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Sai dai tsofaffin motocin suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sababbin kuwa tsallaken titi suke zuwa, wani gareji mai ƙofar gilashi, inda samari masu fararen riguna ke jona wa mota kwamfuta. Abin da ya rage wa Kawu sunan nan ne kawai.

Ni na jawo masa, ba zan ɓoye ba. Tun da makaranta ta gaji da ni a aji uku na zaga sana'a biyar, a lokacin ina aski. Ran nan kan wani lauya yana hannuna, motarsa a waje: ja, kujera biyu, cikinta kamar zai lashi kwalta, in ya taka ta sai karnukan layi su shiga taro. Ya ce lokacin juyen mai ya yi.

"Yallaɓai, kwamfuta me ta sani?" na ce. "Ina da kawu, da yatsa biyu yake jin abin da inji ya ci jiya."

Washegari Lauya ya zo garejin Kawu da galan ɗin mai a hannu, sabo fil. Kawu har wanke fuska ya yi. Lauya ya nuna murfin injin.

"Baba, ga abin da suka rubuta, 0W-20. Shi na sayo. Kada a ƙara komai."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ya bar makulli ya tafi kotu. Kawu ya buɗe galan, ya tsoma yatsa, ya murza, ya raba. Babu zare. Ya sake. Ya kalle ni, ya kira ni da sunan da surutuna ya jawo mini.

"Rediyo, wannan mai ne ko hawaye?"

"Kawu, haka masu motar suka rubuta."

"Su rubuta mana. A ƙasarsu sanyi ake yi. Motar da ke gudu kamar an biyo ta, ka ba ta wannan, ai kafin ta zafafa ya zama fitsari. An cuci bawan Allah bai sani ba."

Mai faci na gefe ya leƙo. "Mai Yatsa, wannan fa ba akwalar da ka saba ba ce."

"Kai koma ka hura iska, ita ka iya."

Ya tura galan ɗin Lauya ƙarƙashin benci, ya ɗauko nasa mai kauri, 20W-50, ya ɗura, ya bi shi da zuma gwangwani biyu. Biyu, don mutunci. Ya ce kada na faɗa, alheri ba a yi masa shela. Na yi shiru, karo na farko a rayuwata, kuma a wurin da bai kamata ba.

Kwana tara motar ta yi. Ran na goma da safe Lauya ya tayar da ita, bai jira ta ɗumama ba ya take totur, jar fitila ta kama, injin ya buga. Aka ja ta zuwa garejin gilashi.

Kawu ya tsallaka titin nan da bai taɓa tsallakawa ba, ina biye. An baje injin a kan tebur mai tsabta. Wani saurayi ya nuna masa hanyoyin da mai ke bi ya hau sama, sirara kamar kafar allura.

"Baba, nan man zai wuce cikin ƙiftawar ido. Naka kafin ya iso, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe."

Kawu ya kai ɗan alinsa bakin kafar. Ko farcensa bai shiga ba.

Lauya bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba. Da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, a gaban kowa, "Baba, na ce kada a ƙara komai." Kafin la'asar labari ya gama layi. Yanzu in mai faci zai kira Kawu, sai ya ce Mai Zuma, har masu tsofaffin motocin ma suna tsayawa a kansa su ga abin da zai zuba. Yawancinsu sun daina zuwa.

Na je ba Kawu haƙuri, ya ce in rufe masa baki, ba ni na zuba ba. Ramin garejin yanzu kaji ke ƙwai a ciki. Galan ɗin Lauya yana nan ƙarƙashin benci, ba wanda ya zo karɓa. Kullum da safe Kawu zai share rumfa, ya jera sifanu, ya zauna, ya buɗe galan ɗin, ya tsoma yatsa, ya murza, ya raba.

Jiya na same shi a haka, yana kallon yatsun a rana.

"Rediyo," ya ce, "wallahi har yanzu ruwa nake ji."