Na huɗun da Kawu bai faɗa mini ba

Jiya na sayi rake a kasuwar Makarfi, na fere, amma na kasa sha. Kawu Sule ne ya faɗo mini a rai.

Manomin rake ne a Gazara, mai zurfi a ilimin baɗini. A wurinsa komai kashi uku ne, har addini: ɓawo, tuƙa, zaƙi.

Shekarar da na fara karatun falsafa a jami'a, na je gaishe shi ina ji da kaina.

Na ce, "Kawu, masana fa gida goma suka kasa duk abin da ke akwai. Kai kana nan a uku?"

Ya yi murmushi, ya miƙo mini gaɓa ɗaya. "Akwai na huɗu, ɗana. Zauna ka shanye, sai in faɗa maka."

Na ce mota za ta tashi. Wallahi ko rabi ba ta cika ba.

Kafin hutu na gaba Allah ya karɓi abinsa. Goman nan na haddace su, har yau suna kaina, na huɗun ne ba ni da mai faɗa mini.

Ku fa, wa kuka ƙi zama ku saurara?